Ni Na Tona Taron Jam'iyyar Mijina, Amininsa Ake Zargi

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi da masu karatu. Daga Jidda nake rubutowa, jaridarku alhazai ke kawo mana ita an naɗe daddawa a ciki. Don Allah a sakaya sunana, kuma a ji ni har ƙarshe kafin a tsine min, don ni ma ban bar kaina na huta ba.

A unguwar Mahjar aka haife ni, ban taɓa taka Nijeriya ba. Maigidana tela ne, daga gida ya zo, da iƙama, wato takardar izinin zama, yake zaune. Tun da soja suka buɗe siyasa ba shi da zance sai na wata 'yar jam'iyya da ko rajista ba ta samu ba, wadda nake jin mota ɗaya za ta kwashe 'ya'yanta kaf. A hakan ma mutum biyu ke rigimar wanda za ta tsayar takarar shugaban ƙasa, ɗaya kuwa wan maigida ne. Sai ga wasu wakilan da za su yi zaɓen fid da gwani sun zo aikin Hajji. Maigida ya riƙa tsinto su a masaukin alhazai yana kawo su gida da sunan walimar addu'a, ni in dafa, su su rufe ƙofa. Wace addu'a ce ake yi da sunan jam'iyya a baki? Har Makka ya bi su, ya sa suka yi alkawari suna kallon Ka'aba cewa wansa za su zaɓa. Kowa ya san ba a taron siyasa a ƙasar nan, baƙon da aka kama jirgi ake sa shi. Na yi magana, ya ce haifaffiyar Jidda me ta sani game da ƙasa.

Haushi da tsoro suka kai ni wurin yayana Usman, direban umda, wato mai unguwarmu. Na ce a ɗan tsorata su kawai. Ya ce, "Halas ya ukhti, shi ke nan ƙanwata, bar min." Ban san inda abin zai kai ba, ko kuwa na sani na kau da kai? Ranar Juma'a bayan la'asar 'yan sanda suka zo gidanmu suka kwashe su. Maigida ya tsira don kafilinsa, ɗan ƙasar da ya ɗauki nauyin zamansa, ya tsaya masa, amma wakilan an mayar da su gida ko ziyarar Madina ba su yi ba, har da wani dattijo da ya sayar da gonarsa ya zo. Da suka koma suka juya wa wan maigida baya, ya faɗi zaɓen. Wallahi kunyar dattijon nan ba ta bar ni ba.

Yanzu maigida ya ɗora abin a kan amininsa Malam Hamisu mai tsire, don Hamisun abokin takarar wansa yake so, kuma ranar bai zo ba. Ni na san dalili, matarsa ce ke naƙuda, ni ma na aika mata kunu. Amma na ja bakina na yi shiru, ina ji ana kiransa munafuki a tsakar gidana.

Ko da gaske Hamisun yake zargi? Kwanan nan in na ajiye masa abinci sai ya bi ni da ido har in fita. Ya daina tambayar lafiyar Usman. Yau yana kan keke yana ɗinki ya kira ni ya ce, "Iƙamar Hamisu ta mutu tun bara. Ke ce mai Larabci, ke ce mai ɗan'uwa a gidan umda. Gobe ki kai maganar." Na ce haba Malam, mutumin nan jariri gare shi ko arba'in ba a yi ba. Bai ɗago kai ba ya ce, "In ba shi ba ne, ki faɗa min wane ne."

In na je, za a kori bawan Allah da mai jego a kan laifina. In na faɗi gaskiya, na san saki ne, kuma zai kwashe min 'ya'ya ya kai su ƙasar da ban san ko hanyarta ba. Gobe da hantsi yake jiran in ɗauki mayafina. Jama'a, me zan yi?