Na kori yayar mijina daga ajin da ke cikin gidanta

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin don Allah ki ɓoye sunana, mutanenmu da yawa suna cikin gurup ɗin nan. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya ɗaure, kuma lokaci ya ƙure mini.

Ni 'yar Damagaram ce, na karanci koyar da ƙananan yara, na yi shekara huɗu ina aikin kafin aure ya kawo ni Tamanrasset. Muna zaune a unguwar Gataa El Oued. Da na zo abin da ya fara tsaya mini a rai shi ne yaranmu. Maza suna wurin gini tun safe, mata suna aikatau, yara 'yan shekara uku zuwa biyar suna yawo a lungu har la'asar. Da yawansu ba su da takardun shiga lekkol, wato makarantar boko, waɗanda suka samu shiga kuma sai su zauna kamar kurame don ba su jin Larabci, bayan wata biyu su gudo. Na ce wa kaina in aka bar su haka, su ma siminti za su ɗauka kamar iyayensu, 'ya'yansu ma haka.

Yayar mijina, bari in kira ta Yaya Hajo, ta fi shekara ashirin a garin nan, kuma gidanta yana da babbar rumfa. Ita ta ce in zo in buɗe aji a ciki, ba ta nemi komai ba. Ita ta bi gida gida tana shawo kan iyaye, don ni baƙuwa ce, ba wanda ya san ni. Wannan ba zan taɓa mantawa ba. Da yara bakwai muka fara, yau ashirin da shida ne, har da 'ya'yan Buzaye maƙwabtanmu.

Ni ba na duka. Da ƙwallon dabino muke ƙirga, da yatsa muke rubutu cikin yashi kafin mu taɓa alli, waƙa mu yi ta da Hausa sannan da Larabci. Kowace safiya kowane yaro sai ya faɗa mana abu ɗaya da ya gani a hanya. Abin da na yarda da shi shi ne, yaron da ke jin tsoro ba koyo yake ba, hadda yake don ya tsira da fatarsa. Kuma yaran nan tsoro ya ishe su, wasu a gabansu 'yan sanda suka zo da mota suka kwashe maƙwabtansu marasa takardu. So nake su tashi suna iya ɗaga kai su yi tambaya, ko a asibiti ko a buron hukuma, wato ofis, ba su tsaya suna rawar jiki kamar yadda mu muke yi ba. Iyaye sun sha cewa Malama wasa kawai take sa su, Yaya ma takan faɗa, ina dariya ina wucewa.

Akwai wata yarinya, Nana, shekararta huɗu, daga wajen Maradi suka zo da uwarta. Ban san abin da ta gani a hanya ba, uwar ba ta faɗa ba, ni ma ban matsa ba, amma yarinyar ba ta magana ko kaɗan. Wata uku tana zaune kusa da randa tana kallonmu. Ban tilasta mata ba, kullum dai ina ajiye mata ƙwallayenta a gabanta. Ranar da ta tura mini su ta ce "uku", wallahi sai da na shiga bayan gida na share hawaye. Daga nan baki ya buɗe, har waƙa take ja mana. Sai dai bahaguwa ce, da hagu take komai. Wajen cin abinci ina koya mata dama a hankali, rubutu kuwa na bar ta.

Lahadin makon jiya na kai ɗana rigakafi, na roƙi Yaya ta duba mini su na awa ɗaya. Da na dawo na tarar da rumfa tsit, yara ashirin da shida ba mai motsi. Nana tana jikin bango, bayan hannunta na hagu da shatin tiyo guda uku. Yaya ta ce ta gan ta tana rubutu da hagu, ta hana ta sau biyu ba ta ji ba, shi ne ta gyara mini ita.

A nan na yi kuskure, na sani. Gaban yara, gaban mata biyu da suka zo sayen yaji wurin Yaya, na ɗaga mata murya na ce kada ta sake shigo mini aji. Ta dube ni ta ce, "Ajinki? A gidan wa?"

Abin da ya fi ƙona mini rai, da na je wurin uwar Nana in ba ta haƙuri, cewa ta yi ai Yaya ta kyauta, har ta je ta yi mata godiya. Maigidana kuma ya ce Yaya ce ta riƙe shi da ya zo garin nan ba shi da ko tabarma, shi ba zai iya kallon idonta ba sai na je na durƙusa. Na ce zan durƙusa, don na yi mata rashin kunya. Amma Yaya ta aiko da sharaɗi, in ba ta haƙuri gaban matan nan, sannan a rataye tiyo a jikin rumfa, ni in ji da karatu ita ta ji da tarbiyya. In ban yarda ba in kwashe tabarmina ranar Juma'a.

Ɗakinmu ɗaya ne. Wata Buzuwa da ɗanta yake wurina ta ce in zo zaurenta, na je na auna, da ƙyar zai ɗauki yara goma. Kuma na san iyaye da yawa bayan Yaya za su bi. Nana tana zuwa har yau, amma tun ranar ba ta sake cewa uffan ba, zama take ta danne hannun hagun a ƙarƙashin cinyarta.

To 'yan uwa yaya zan yi? In yarda a rataye tiyon, in riƙa tsare su da jikina iya ƙarfina, alhali na san duk ranar da na fita za a sauko da shi? Ko in tashi da goma, in ɓata da dangin mijina? Masu shirin rubuta mini cewa mu ma an dake mu ba mu mutu ba, don Allah ku bar ta, na ji ta har ta ishe ni. Ku dai gaya mini, in na tashi waɗanne goma zan ɗauka, kuma me zan ce wa sha shidan da za su koma lungu? Yau Laraba.