Inuwarki a Hoton Suna

Yaya Asiya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, da maigidan da yara. Ya zafin Jidda? Mu nan Alsawra lafiya lau, ƙafar Hajiya ma da sauƙi.

Ranar sunan ɗiyar Usman mun yi hoto a tsakar gida, ke kaɗai babu. Hajiya ta ƙi a rataye shi haka, sai na yanko ki daga hotonki na salla, na ɗora ki kusa da ita a kwamfuta. Ta daɗe tana kallo, ta ce, "Asiya ba ta taka ƙasa ba. Kamar iska za ta ɗauke ta." Ranar ba ta ci abin kirki ba.

Na rasa me ta gani, na kai wa Bashir mai studiyo. Ya ce, "Dubi ƙasa, kowa da inuwarsa ban da ita." Ya nuna mini yadda inuwa take da duhu dab da tafin ƙafa, in ta yi nisa ta dusashe. Kin taɓa lura? Ni tun ranar inuwa nake bi da ido, har ta raksha mai ƙafa uku.

Na zana miki taki, ta zauna, amma hasken fuskarki na fitilar ɗaki ne. Ki daure ki fita bayan la'asar, rana ta hagunki, a ɗauke ki har ƙafa. Kada ki jima, Hajiya ta riga ta sa an kafa ƙusa.

Ki gaida kowa, ki sa mu a addu'a.

Ƙaninki,
Haruna