Rabin Sanarwa

Laraba da dare, Gazawa

Alhamdu lillahi. Yau ina shirin karanta sanarwa a rediyonmu, sai rezo, wato sabis ɗin waya, ya tsallaka Nijeriya, saƙon da ke shigowa ta intanet ya katse. Na'ura ta ƙi nuna mini rabin da ya iso, don ƙanena Isufu ya tsara ta kada ta saki saƙo sai alamar rufewarsa ta zo. Na ce, "Ba ni abin da ya samu mana!" Ya ce, "Yaya, bai cika ba."

Da rezo ya dawo saƙon ya cika, ashe farkonsa na cewa a kai shanu rigakafi garin Cadawa gobe, ƙarshensa kuma ban da garken da ciwo ya shiga. Shanun Baffana biyu suna kwance da ciwo, kuma ba ya kashe rediyo. Da na karanta rabin nan, da ya kora garkensa cikin na jama'a, ta dalilin bakina.