Tarin Motar Baban Nusaiba

Tawa, 15 ga Satumba

Zuwa ga maigidana, Baban Nusaiba,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Yaya Abijan, yaya kasuwa, yaya ciwon bayan nan naka? Mu nan lafiya lau. Inna tana sa maka albarka. Nusaiba ta yi wawulo, ta ce lallai in sanar da kai.

Za ka yi mamakin ganin takarda alhali muna da waya. Na gano cewa duk saƙon muryar da na tura maka, a tsakiyar shago kake kunna shi, rabin mutanen yankinmu na Adar suna saurare. Wannan maganar tamu ce mu biyu.

Takardar aikina ta fito. An tura ni kwalejin Kalfu in koyar da lissafi, bayan shekara huɗu digirina yana kwance a akwati ƙarƙashin zannuwa. Farkon Oktoba za a buɗe makaranta. Ba zan bar Inna da Nusaiba in koma can da zama ba. Ko dai in riƙa zuwa da mota ina dawowa kullum, ko in haƙura da aikin. Shi ya sa na ji daɗi da ka ce in ɗauki motarka.

Wanka, Yaya Hashimu, wanda ka bar wa amanarta shekara uku, ya miƙo mini makulli jiya yana kallon gefe. Ya ce zai zauna kusa da ni ya ga hannuna. Motar ta tashi, ba laifi. Amma muna hawa titi ta kama karkarwa tana tari. Na taka mai har ƙasa, ta tsaya yin shawara. Wani mai amalanken albasa ya wuce mu, har ya samu sararin gaishe da Yaya ya tambayi iyali.

Da muka dawo, Yaya ya bayyana mini cewa motar ba ta saba da ƙafar mace ba. Ya karɓe makullin cikin ladabi.

Ka gaida abokan zama.

Matarka,
Rahinatu


Tawa, 23 ga Satumba

Baban Nusaiba,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka, ina fatan ruwan can bai hana ku ciniki ba. Mu ma ƙalau muke, ban da mara lafiyar da ke ƙarƙashin rumfa.

Ranar kasuwa Yaya ya ce zai nuna wa unguwa yadda ake tuƙi. Ya sa babbar riga, ya gyara amawali, ya fita da ita shi kaɗai. Ta kai shi gaban mahauta ta mutu. Mahauta uku ne suka turo shi har gida, yana zaune a ciki yana riƙe da sitiyari da mutunci. Na ɗauka zancen ƙafar mace ya ƙare ke nan. Ashe ban san Yaya ba. Ya ce tun fitar farko na ɓata mata hali.

Yanzu kowa ya zama masani. Inna ta ce baki ne, ta turara ta ciki da waje. Isufu mai sayar da mai a kwalba ya zo ba a kira shi ba, ya rantse cewa nasa ba ya da ruwa, abin da ba wanda ya tambaye shi. Maƙwabcinmu ya ce tsufa ne kawai, a bar ta ta huta. Na tambaye shi me take yi shekara ukun nan.

Ni kam na lura da abu biyu. Hayaƙinta baƙi ne, kuma idan aka taka mai sai ta yi shaƙe-shaƙe kamar mai mura. Na ce a kai ta wurin makanike. Yaya ya ce ranar da za ka tafi ka hana kowa buɗe bakin motar ban da shi, kuma shi ba ya cin amana.

Saura kwana tara. Jiya na rubuta takardar ajiye aikin da ban fara ba, na sa ta ƙarƙashin matashi. Ban faɗa wa kowa ba. Daga nan na je na zauna cikin motar. Har yanzu akwai ƙamshin turarenka a kujera, duk da ƙoƙarin Inna. Na yi kewarka ƙwarai, kuma na ji haushinka daidai gwargwadon haka.

Don Allah ka kira Yaya. Wannan kam ka kunna murya yadda kake so, kowa ya ji.

Taka,
Rahinatu


Tawa, 6 ga Oktoba

Baban Nusaiba,

Ina gaishe ka gaisuwar wadda ta gaji amma tana murna. Ina fatan kana lafiya. Na gode da kiran da ka yi wa Yaya har ya yarda a duba motar.

Mun kai ta garejin Malam Alƙasum, dattijon nan mai ƙaramin gemu. Bai taɓa ta ba sai da ya gama tambayoyi. Ya tambayi yaushe rabonta da doguwar hanya. Yaya ya amsa da alfahari cewa tun tafiyarka ba ta wuce ƙofar gida ba sai kwanan nan. Kullum bayan asuba yana tayar da ita, ya bar ta tana aiki a tsaye minti goma sha biyar, ya kashe, ya goge ta, ya lulluɓe. Bai taɓa fashi ba, har ranar Salla.

Malam Alƙasum ya kwance buji huɗu, waɗanda ke kunna wutar inji. Duk sun yi baƙi kamar gindin tukunya. Ya ce injin da ke aiki a tsaye kullum, bai yi zafi sosai ba, haka yake tara baƙi. Sai ya buɗe wurin da take shaƙar iska. Can ya zaro wani ƙyalle fari, ninki huɗu, an ɗaure shi da waya. Guntun tsohon rawanin Yaya ne. Yaya bai musa ba. Ya ce shi da kansa ba ya shiga daji bai rufe hanci ba, balle motar ƙaninsa da rairayi zai iya shiga cikinta. Shekara uku ke nan baiwar Allah tana numfashi ta cikin amawali.

Ban yi dariya ba. Ina son ka rubuta wannan a cikin kyawawan ayyukana.

Malam Alƙasum ya yaba wa Yaya sosai. Ya ce bai taɓa ganin motar da aka kula da ita har ta kusa mutuwa ba sai wannan. Ya sa sababbin buji, ya sauya matatar iska, ya zubar da tsohon mai. Ta tashi da murya ɗaya, babu tari. Amma ya gargaɗe mu cewa ciwon zai dawo idan aka sake zaunar da ita. Maganinta gudu ne a hanya, kullum, har inji ya ɗau zafi.

Yaya ya tambaya, hankalinsa a tashe, gudun kamar ina zuwa ina. Malam Alƙasum ya dubi sama, ya shafa gemu, ya ce, “To, kamar nan da Kalfu, a je a dawo.”

Yaya ba ya iya barin shagonsa kullum. Ya dubi makullin, ya dube ni, ya ce tunda lafiyar motar ce, sai in daure.

Yau kwanana huɗu ina aiki. Ɗalibaina sittin da biyu ne, uku daga ciki sun san lissafi, sauran suna da kirki. Kullum da safe Yaya yana bakin ƙofa yana duba agogo, kada in makarar da mara lafiya. Ya ma tambaya ko ba a karatu ran Lahadi.

Na san abin da za ka tambaya. Wallahi ban taɓa yi wa Malam Alƙasum zancen Kalfu ba. Matarsa Saratu na yi wa, a wurin suna.

Inna da Nusaiba suna gaishe ka. Allah ya dawo mana da kai lafiya. Ka sanar da ni ranar, zan zo tasha in ɗauke ka.

Matarka mai ƙaunarka,
Rahinatu