A Mayar Mana Da Awo Ranar Kasuwa

Zuwa ga Shugaban shirin da ke taimaka wa gwamnatin jiharmu wajen gyara aikin asibitocin karkara.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatanka. Yaya aiki, yaya haƙuri da jama'a? Allah ya taimaka.

Yallaɓai, sunana Hajara, amma Inna Hajo aka fi kirana. Ina zaune a wani ƙauye tsakanin Tsanyawa da Kunci, sana'ata man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Ni ce wakiliyar mata a kwamitin asibitin mazaɓarmu, kwamitin da ku da kanku kuka kafa don mu riƙa faɗa muku gaskiya. To na faɗa a zaman kwamiti, na faɗa wa jami'inku na ƙaramar hukuma har bakina ya gaji. Amsarsa ba ta canzawa: "Za a duba, Inna." Shi ya sa na fito fili, kowa ya ji.

Ba zan rufe alherinku ba. Kun gyara rufin asibiti, kun sa wutar sola, ma'aikatan da a da sai hantsi ya dubi ludayi suke leƙowa yanzu da sassafe ake samunsu. Mun gani, mun gode. Amma akwai gyara guda da kuka yi wanda ya zame mana ɓarna, kuma 'yata ce a tsakiyarsa.

Na farko, maganar ranar awo. Tun da aka gina asibitin nan, ranar Alhamis mata masu ciki ke zuwa awo, domin ranar ce kasuwar garin da asibitin yake ke ci. Ba don kwalliya aka zaɓi ranar ba. Ranar ce kaɗai bas ke shigowa ƙauyukanmu, ta kwashe mutane da buhuna da awaki, ta dawo da su da yamma. Ranar ce maigida ke sakin jiki ya bar matarsa ta fita, saboda tana cikin ayarin iyaye mata irina. Kuma ranar ce mace ke da abin sayen magani: ta riƙo kaza ko kwanon wake, a sayar mata a kasuwa, ta shiga asibiti da kuɗin a ƙullin zaninta. Sai shirinku ya zo ya ce dole duk asibitoci su yi awo rana ɗaya, Litinin, don lissafi ya tafi daidai. Alhamis kuma aka mai da ita ranar da ma'aikata ke tafiya sakatariya su kai rahoto. Yanzu ranar da za mu iya zuwa babu kowa sai maigadi, ranar da suke nan kuma ba mu da ƙafar zuwa.

Na biyu, an ce an tuntuɓi jama'a kafin a yi canjin. Haka ne, an yi taro. An yi shi ne washegarin ruwan shuka. Duk wanda ya san ƙasar nan ya san in ruwan shuka ya sauka, ko ɗaurin aure ɗaga shi ake yi. Mu duk muna gona, maza na sara, mata da yara na bin su da iri. Waɗanda suka zauna a kujerunku mutanen cikin gari ne, masu tako biyu zuwa ƙofar asibiti. Aka tambaye su ko Litinin ta yi, suka ce ta yi. Ni ma da a bayan asibitin nake kwana da na ce ta yi.

Na uku, 'yata Rabi. Cikinta na fari ne, ta dawo gida goyon ciki kamar yadda aka saba. Da ta zo na ga ƙafafunta sun kumbura, zoben hannunta ya ƙi fita, kullum tana riƙe da kai. Gabana ya faɗi, don da idona na ga yadda jijjiga ta ɗauke ƙanwata a kan gwiwa. Mahaifinta, Malam Isa, ya taɓa irin waken da ya ɓoye, ya sayar, ya yi mana shatar babur wata Litinin. Ka san yadda mai ya yi tsada a shekarun nan, ka san ana kwana da yunwa a gidajen da a da suke ciyar da baƙi. Kuma ban so ka ga mai tsohon ciki a kan babur a hanyarmu ba. Muka isa tana cije leɓe. Aka auna ta, aka ce jininta ya hau, a riƙa kawo ta duk mako ba fashi.

Duk mako, Yallaɓai. Da wane waken?

Litinin ta zagayo, muka taka a hankali zuwa bakin hanya, muka zauna gindin tsamiya ko Allah zai kawo mota. Har aka kira azahar ba abin da ya wuce sai amalanke. Muka koma gida tana hawaye, ni ina ba ta haƙuri alhali zuciyata tafasa take yi.

A nan ne abin dariya ya zo, in akwai dariya a ciki. Da mata suka ragu a wajen awo, sai ofishinku ya yanke cewa kanmu ne bai waye ba. Aka turo mana farar mota mai lasifika, sabuwa fil, a ranar Litinin, tana zagaya ƙauye tana shelar cewa mata su daure su riƙa zuwa awo. Na sha gabanta, na ce wa direban, "Ɗana, ga masu cikin nan a tsaye, tunda garin za ka koma, ka rage mana hanya mana." Ya sosa ƙeya ya ce, "Wallahi Inna ba a ba ni izinin ɗaukar fasinja ba." Motar ta juya wayam, tana tafe tana ce mana mu je awo.

Ba jahilci ne ya hana mu ba. Mu muka riƙa bi gida-gida muna lallashin mazaje tun kafin a san da shirinku. Kar wanda ya sake rubuta cewa matan ƙauyenmu na gudun asibiti, don ƙarya ce, kuma na gaji da jin ta.

Na huɗu, Malama Talatu, malamar asibitin da ke yi mana awo. Kirista ce, 'yar wata unguwa da ke maƙwabtaka da mu, kuma ba ta taɓa bambanta kowa ba. Wata Alhamis ta ƙi tafiya sakatariya, ta buɗe ɗakin awo, ta duba Rabi da sauran matan da bas ta kawo. Abin da ta ce mini shi ne, "Inna, ni ma a ƙauye aka haife ni, na san ranar da mota ke shiga." Ladanta takardar tuhuma, da gargaɗin cewa in ta kuma za a yi mata canjin wurin aiki. Tana da yara a makaranta, ban ga laifinta ba da ta daina. Tun ranar ba a sake auna jinin Rabi ba.

Na biyar, jami'inku ya zo har gida ya ce manyan baƙi za su zo ganin nasarorin shirin, ana so in tsaya a gabansu in ce mata sun gamsu. Ya kawo mini hijabi mai tambarinku. Na naɗe shi na mayar masa. Ba zan faɗa ba. In kuma aka ba ni lasifika a wurin, abin da ke cikin wasiƙar nan shi zan maimaita, ba ragi. In kujerar kwamitin ce za a karɓe, a karɓa, da ma ba gado na yi ba.

Abin da nake roƙo ba shi da yawa, kuma ba ya cin ko sisi. A mayar da awo ranar kasuwa, a nan da duk garin da haka ta shafa, kowane asibiti ya bi kasuwarsa. Rahoton sakatariya a kai shi Litinin, takarda ba ta jin jiki a kan babur. A janye tuhumar da aka yi wa Malama Talatu. In za a sake jin ra'ayinmu, a zo bayan an kai amfanin gona gida, kuma a shigo ƙauyen da ƙafa, kar a tsaya a cikin gari.

Ina sanar da kai tun yanzu don kar a ce mun yi ba zata. Alhamis mai zuwa za mu shiga bas, ni da Rabi da duk mai cikin da za ta iya hawa. Za mu shimfiɗa tabarmi a ƙofar asibitin da kuka gyara, mu zauna a idon 'yan kasuwa. In an buɗe, mun gode. In ba a buɗe ba, za mu dawo wata Alhamis ɗin, mu kuma dawowa. Rabi ta shiga watanta. In wani abu ya same ta, na san ajali na Allah ne, amma ba zan yarda a ce mini ƙaddara ce ta kulle ƙofar ba. Mutum ne ya sa hannu aka kulle ta, kuma yanzu ya sani.

Allah ya yi maka jagora a aikinka, ya tsare ka da haƙƙin talaka. Allah ya sauki matan gidanka lafiya, ya sa duk ranar da suka isa ƙofar asibiti su same ta a buɗe.

Wassalam.

Hajara (Inna Hajo),
mahaifiyar Rabi.