Abin da Matan Kibiya Ba Sa Yi

Kibiya,
14 ga Yuli, 1962.

Zuwa ga ƙawata Laraba,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da maigidan, da 'yan makarantarki na Rano masu rubuta bakwai a juye. Mu nan lafiya lau, damina ta kankama.

Na zo hutu daga Ibadan da sabon littafi, ba komai a cikinsa. Malaminmu na tattalin arziki, wani Bature mai kirki wanda ya taɓa kwana biyu a Kano, ya shaida wa ajinmu cewa matan Arewa ba sa sana'a, tunda suna kulle. Ni kaɗai ce 'yar Arewa, sai kowa ya juyo yana kallona da tausayi. Ban yi gardama ba. Na dai tuna cewa da kuɗin man gyaɗar Iya aka sayi akwatin da na je jami'ar da shi. Na ce masa a kan wannan zan rubuta kundina na shekarar ƙarshe, wanda in babu shi babu digiri.

Yanzu gida-gida nake bi. Jumai mai daddawa ta ce, "Ke Luba, duk bokon nan ashe tambayar kuɗin kalwa aka koya miki?" Amma ta faɗa mini komai, har abin da ke ƙarƙashin gado. Gida talatin da ɗaya na shiga. Laraba, bayan katangun nan akwai kasuwar da ta fi ta bakin gari, ba rumfa, ba sarkin kasuwa. Kowace takan rage murya in za ta faɗi ribarta. Na rubuta a gefen shafi cewa kunya ce.

Ki gai da kowa.
Taki,
Luba.

Kibiya,
9 ga Agusta, 1962.

Laraba,

Ina gaisuwa, da fatan zazzaɓin nan ya sake ki. Ni lafiyata ƙalau, ɓarna dai na yi.

Ranar Litinin Baba ya dawo daga gona ya tarar ina rubutu, ya ce ashe hukuma ta tura ni jami'a ne don in ƙirga ƙuli-ƙuli. Tsokana ce, amma kin san ni. Shekara biyu ana koya mini in an ƙalubalance ni in kawo hujja. Na buɗe shafin Iya, na nuna masa abin da take samu a shekara ya fi abin da 'yan kamfani suka ba shi na gyaɗarsa bara. Na ci gardama. Iya tana bakin murhu, ko juyowa ba ta yi ba.

Washegari rabin kuɗin cefane ya ajiye. Wai shekara talatin yana ciyar da attajira bai sani ba. Ya kai labarin ƙofar masallaci don a yi dariya, aka yi, sannan kowa ya koma gida da tambaya. Mijin Jumai har gado ya sa ta ɗaga.

Sai yanzu na gane rage muryar nan. Abin mace nata ne, ciyarwa ta miji ce, kowa ya san haka. Amma zaman yana tafiya ne muddin mijin bai san nawa ba ne. Da kuɗin nan ake yi wa 'ya kayan ɗaki, da su mace ke tsayawa da ƙafarta in zama ya ƙare. Littattafanmu duk sun ce kasuwa ta fi kyau in kowa ya san komai. Masu rubuta su ba su taɓa jiran cefane ba.

Yanzu in na yi sallama sai a ce, "Ba ta nan," da muryar wadda nake nema. Kuma Malam Ramalan, malamin haraji, ya aiko yana son ganin littafin, wai ya ji ana yabon rubutun hannuna.

Ki sa ni a addu'a.
Luba.

Tashar jirgi, Kano,
21 ga Satumba, 1962.

Ƙawata,

Gaisuwa da neman gafara. Na wuce ta Rano jiya ban tsaya ba, ban shirya ganin fuskarki ta "ai na faɗa miki" ba.

Sau uku Malam Ramalan yana aike. Na yi tunanin in gudu da littafin, sai na tuna hukumar da yake wa aiki ita ke biya mini karatu, kuma dole a kai mata kundin in na gama. Na yi tunanin canza sunaye yadda aka koya mana. To amma mai daddawa nawa ce a unguwarmu? Ko Maryamu na kira ta, Jumai ce.

Sai na miƙa wa Iya littafin. Ta juya shi, ta ce, "Wanne ne nawa?" Na nuna mata. Ta yage shafin ta cusa ƙarƙashin kasko. Sannan ta yafa mayafi bayan magariba, ta sa ni gaba, muka mayar wa kowace mace da shafinta. Jumai daddawa ta ƙunshe da nata. Da Malam Ramalan ya zo da kansa, bangon littafin kawai aka kai masa zaure, da saƙon Iya: "Malam, mu matan kulle me muke da shi?"

Baba bai mayar da cefanen daidai ba har yau. Ni kuwa saura wata tara, ba kundi, ba hujja, sai ilimin da ba zan iya rubutawa ba. Wataƙila in sami wani batun, wataƙila in dawo ki ba ni aji ɗaya.

Da zan fito Iya ta sa mini kwalbar mai a akwati. Ba ta raka ni zaure ba. A bakin ƙofa ta tsaya ta ce, "Ki ce wa Baturen naki gaskiyarsa, ba ma komai." Ta tura ƙyauren. Kafin in kai bakin hanya na jiyo turminta ya fara.

Jirgi ya yi kuka. Sai na sake rubutowa.

Taki har kullum,
Luba.