Ranar Da Ka Sauka Daga Kekenka

Zuwa ga yayana, Malam Mudi mai gyaran rediyo,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwar ƙanwa ce ga yayanta, tare da fatan Ubangiji Ya sa kana cikin ni'ima inda kake. Na san wannan wasiƙa ba za ta iske ka ba. Masu karanta ta a waya galibinsu ba su taɓa ganin fuskarka ba. Su yi mini haƙuri, yau da kai nake magana.

Shekaranjiya da hantsi mai shela ya ratsa unguwarmu a nan Bodinga, yana sanar da cewa masu rigakafi za su fara zagaye, kowa ya fito da yaransa. Ina tankaɗe ne a tsakar gida. Sai na ajiye rariya na zauna, domin da kana raye na san kafin mako ya fita za ka zo duba yatsun 'ya'yana.

Ban san ka da ƙafa ba, Yaya. Kafin a haife ni abin ya same ka. Inna ta ce kana ɗan yaro mai ƙiriniya a gidanmu na Dandin Mahe, kana bin awaki har bakin gona, zazzaɓi ya kwantar da kai. Da zazzaɓin ya sauka, aka tsayar da kai, ƙafafu suka ƙi. Ta goya ka zuwa wurin masu magani iri iri, an yi turare, an sha rubutu, an yi wanka da saiwoyi. Mutane suka ce shan inna ne. Kai kuwa da ka girma ba ka son a faɗi wannan suna a gabanta. Kullum sai ka ce, "Innata ba ta sha ni ba, shayar da ni tay yi." Ita kuma sai ta juya baya kamar tana gyara wuta.

Ina tuna ranar da aka kawo kekenka daga Sakkwato, mai ƙafa uku, wanda ake tuƙawa da hannu. Ka ɗora ni a baya muka zagaye gari, yara na ihu. Daga ranar kai ne mai kai ni makarantar allo. In mun shiga yashi sai in sauka in tura, kana cewa in ƙara ƙarfi, ai na ci tuwo. In mun fito sai ka saki hannu mu gangara, iska na kaɗa mini ɗankwali, warin albasar fadama na shiga hanci. Ban ƙara jin daɗin tafiya irin wannan ba, ko a mota.

Tun da ka samu keken nan, baƙo bai ƙara ganin ka kana jan jiki ba. Masallaci kana riga kowa shiga, kana bari kowa ya fita kafin ka motsa. Mu na gida kaɗai muka san kantar da ke gwiwoyinka da tafin hannunka. Kai mutum ne mai kunya da son tsafta, rigarka kullum a goge.

Da ka koma Shagari ka kafa rumfa a bakin hanya, rumfar ta zama majalisa. Ana kawo rediyo da tocila, ana sauraron labaran rana, ana musu a kan farashin taki. A can ne hakimi ya aiko aka kira ka, lokacin da za a kafa kwamitin lafiya na mazaɓa, tare da liman da ungozoma da wani malamin makaranta. Da ka zo gida kana ba mu labari, dariya kake yi. Ka ce, "Sun sa ni don a gan ni. To, ni ma sai in buɗe ido in gani."

Kuma ka gani. Ranar zagaye da sassafe kana ƙofar asibitin sha-ka-tafi, kana sa hannu cikin akwatin maganin ka ji ko ƙanƙarar na nan da sanyinta. Daga nan ka bi bayan ma'aikata lungu lungu, kana duba alamar allin da suke yi a bangon gidaje. Amma ba ka yarda da bango ba, ba ka kuma yarda da tawadar da ake shafa wa yaro a ɗan ƙaramin yatsa ba. Yaran kake tambaya. Ka tsayar da keke, ka kira ɗaya, ka ce, "Zo nan, mi kaj ji a baki?" In ya yamutsa fuska ya ce ɗaci, sai ka shafa kansa. In ya tsaya yana kallon yatsansa kawai, to ka san akwai magana.

Wata damina ruwa ya yanke hanyar wata ruga a bayan Mandera, aka ce a bar su sai rani. Ka ce cuta ba ta jiran rani. Aka ɗora ka da kekenka da akwatin magani a amalanke, shanu suka ja ku cikin taɓo. Ka biyo ta gidanmu da yamma rigar nan taka mai guga ta zama abin tausayi, kana rungume da ƙwaryar nonon da matan ruga suka ba ka. Inna ta yi ta faɗa tana wanke maka hannuwa, kai kana ta yabon nonon.

Duk wannan a garinku ne. Ban taɓa tsammanin aikinka zai shigo har cikin gidan aurena ba.

Ka san maigidana, baban su Basiru. Ba mugun mutum ba ne, manomin albasa ne mai riƙon amana. Amma shekarar da mahaifiyarsa ta kwanta da zazzaɓi, ya ɗauke ta zuwa asibiti bai samu ko ƙwayar magani ba, kafin a nemo daga birni rai ya yi halinsa. Tun daga nan zuciyarsa ta bushe da duk abin da ya fito daga asibiti. Yakan ce, "Da uwata ke kwance ba wanda yaz zo. Yanzu ga su bakin ƙofa da abin da ban roƙa ba."

Ina cikin wankan jego na haihuwar Nana aka yi wani zagaye. Yarinyar da ta zo ɗiga magani 'yar unguwarmu ce, ɗiyar abokinsa. Ya tare ta a zaure ya ce ta shafa wa Basiru tawada kawai ta wuce. Ta ji nauyin musa wa sa'an ubanta, ta yi yadda ya ce. Ni ina ɗaki, na ga yatsa da tawada, na ɗauka an gama.

Kwana kaɗan sai ga ka, an sauke ka daga mota da kekenka, ka zo barka da atamfa da sabulu. Basiru ya ruga ya tare ka yana ɗaga maka yatsa. Ka yi masa tambayar da ka saba yi wa kowane yaro. Shi kuwa ya ce, "Ba a sa min komi ba, Kawu. Baba yac ce zane ɗai."

Ina tsaye a bakin zaure, na ga yadda fuskarka ta canza. A ƙofar gida maigidana na zaune da ƙannensa da maƙwabta, suna zaɓen albasa suna zubawa a buhu. Na zata faɗa za ka yi, ko ka jawo aya da hadisi. Ba ka yi ko ɗaya ba. Ka ɗaure birki, ka naɗe rigarka, ka sauko ƙasa. A gaban surukai, a gaban baƙi, ka dafa hannuwa ka ja jiki tun daga bakin hanya har zuwa tabarmarsu, ƙafafunka na jan ƙasa a baya, ɓawon albasa na manne maka a gwiwa. Wani dattijo ya miƙe zai taimaka maka, ka ɗaga masa hannu.

Da ka isa gabansa kana haki, ka ce, "Malam, duba da kyau. Wanga shi Inna ka gani kullum tun ina yaro. Kwamitina bai kai Bodinga ba, amma kawunci ya kai."

Shi ma bai yi shiru ba. Ya maimaita maka maganar mahaifiyarsa da asibitin da ba magani. Ka saurare shi har ya gama. Sannan ka ce, "Gaskiya gare ka, an yi maka ba daidai ba. Amma Basiru bai san wannan ba. Kada ka rama ga ɗanka."

Ba zan ce maka ranar ta yi daɗi ba. Ya ga kamar ka tozarta shi a gaban mutane. Ka koma Shagari ko ruwan gidanmu ba ka sha ba, ni kuma na shiga ɗaki na yi kukan da ban san na wa nake yi ba, naka ko nasa. Aka yi Sallah ƙarama bai je gaishe ka ba, aka yi babba bai je ba. In na ambaci sunanka sai ya tashi ya fita. Sai dai wata safiya, ba da daɗewa da zuwanka ba, ya ɗora Basiru a gaban babur bai ce mini komai ba. Suka dawo yaron na ta tofar da yawu yana cewa abin Kawu ba daɗi. Har yau bai taɓa ɗauko mini zancen ba, ni ma ban tambaya ba.

Daga baya na ji abin da ka yi game da yarinyar. Ba ka kai ƙararta don a kore ta ba. Ka je gidansu ka zauna da ita da mahaifiyarta, ta yi kuka, ka ba ta baki. Sannan ka roƙi a daina tura 'yan mata su kaɗai, a haɗa kowace tawaga da dattijon unguwa wanda ba a iya juya shi a zaure. Maganar magani kuwa ka ɗauke ta kamar gado. Ba a yin taro a tashi ba ka ce a kawo maganin zazzaɓi da na masu ciki ba, har in ka ɗaga hannu shugaban taro sai ya yi ajiyar zuciya. Wani lokaci a kawo, wani lokaci a ce ana hanya. Ka tafi ba ka ga ƙarshen wannan ba.

Da ciwon ƙirji ya kama ka, aka yi mini waya ina girki. Kafin in gama neman mayafi, maigidana ya riga ya samo mota. Shi ya je Shagari ya ɗauko ka. A asibitin Sakkwato aka tarar da matakala, ba kujerar turawa a kusa. Ya durƙusa ya ce ka hau. Mutumin da ya daɗe bai yi maka sallama ba ya goya ka kamar jariri, yana hawa yana nishi. Kai kuwa, da numfashin da ya rage maka, ka ce, "Yau kam na hau babban keke." Ya yi dariya, hawaye na zubo masa a gemu. Sulhunku ke nan, ba wanda ya ce wa wani yi haƙuri.

Ga labarin gida. Basiru ya shiga sakandare, tsayi ya kusa kamo ubansa. Nana na yawan surutu, sun ce kai ta ɗauko. An kawo firiji mai aiki da hasken rana a asibitinmu, da ka gani da ka kwance shi don ka ga cikinsa. Akwai ƙauyukan da yanzu ma'aikata ba sa shiga sai da rakiya, saboda halin rashin tsaro da ake ciki. Mutane sun gaji, wasu na cewa ai cutar ta wuce, tun da ba su ƙara ganin yaro sabon gurgu ba. Kwanan baya matan unguwa suka ce ni za su tura kwamitin mazaɓarmu. Na ji tsoron faɗa wa maigida. Da na faɗa, sai ya ce, "Ki tai. Kuma ki hwaɗa musu maganar magani." Na je, Yaya. Kuma na faɗa.

Abu ɗaya ya rage in ba ka labari, domin kai kaɗai ne ba ka gani ba. Ranar da aka fito da kai daga gidanmu na Dandin Mahe, mu mata muna leƙe ta ƙofar zaure. Maza suka ɗauki makara suka nufi maƙabarta da sauri. Sai ga yara ta kowane lungu, na garinmu da waɗanda suka biyo manya daga Shagari, suna bin bayanka a guje. Dattawa na kora su, suna zillewa, wasu na tsallake kwata, wasu na haye katanga don su hango. Inna na zaune kusa da ni, tun safe ba ta yi kuka ba. Ta kama hannuna ta matse, idonta na kan ƙafafun yaran da ke gudu, ta ce, "Kulu, dubi ƙahwahu."

Allah Ya jiƙan ka, Yaya Mudi. Allah Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya yalwata maka shi. Ya sa wahalar da ka sha a duniya ta zama kankarar zunubi. Ya ba Inna haƙuri da ƙarfin jiki a tsufanta, Ya tsare 'ya'yanmu da na sauran jama'a daga cutar da aka sani da wadda ba a sani ba. In tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani, Ya haɗa mu a Aljanna, inda zan gan ka a tsaye.

Ƙanwarka mai kewarka,
Kulu,
daga Bodinga.